Wanda Ya Je Masar Ya Daure Ya Ƙarasa Abu Simbal

Sau biyu a kowace shekara, ran 22 ga watan Fabrairu da ran 22 ga watan Oktoba, dubban mutane daga sassa dabam-dabam na duniya sukan yi sammako tun kafin asuba, su yi layi a bakin wani dutse da ke can kudancin ƙasar Masar, dab da kan iyakarta da Sudan. Abin da ya tara su shi ne hudowar rana. A waɗannan ranaku biyu haske yakan shiga ta ƙofar babban gidan bauta na Abu Simbal, ya ratsa zaure bayan zaure har tsawon kimanin mita 60 cikin dutse, ya sauka a kan mutum-mutumi uku daga cikin huɗun da ke zaune a ƙuryar ɗaki, ya bar na huɗun cikin duhu. Bayan kamar minti ashirin sai hasken ya janye, makaɗa su shiga aikinsu a waje, kowa ya nemi motarsa.

Mutanen Turai da Amurka da Japan sun daɗe da sanin wannan wuri, har akwai masu tara kuɗi shekara da shekaru domin wannan tafiya kaɗai. Amma mu nan, duk da yawan zirga-zirgar da ke tsakaninmu da Masar, da wuya a ji wani ya dawo yana ba da labarinsa. Ga ɗalibanmu a Jami'ar Azhar da sauran makarantun Alƙahira da Iskandariya, waɗansu har shekara shida ko bakwai suke yi a can. Ga ma'aikatan gwamnati da akan tura taro ko kwas. Ga masu zuwa asibiti da 'yan rakiyarsu, ga kuma 'yan kasuwa. Galibi tsarabar ɗaya ce: jallabiya da turare da littattafai daga kasuwar Khan Halili, in an yi ƙoƙari ƙwarai a haɗa da hoto a kan raƙumi a gindin dalar Giza. Kudancin ƙasar kuwa, inda Luksor da Karnak da Aswan da Abu Simbal suke, sai ka ce wata duniya ce dabam. Alhali dangantakarmu da Masar ba ta jiya ba ce. Tun cikin ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina masaukin ɗalibai da alhazai a Alƙahira, kuma Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aika da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, duk ɗalibi ko ma'aikacin da Allah ya kai shi Masar, kuma yana da hali, ya kamata ya ware kwana uku ko huɗu ya nausa kudu, ya ga waɗannan gine-gine da idonsa. Amma fa da sharaɗi, watau ya tafi da niyyar karatu. Wanda zai sha tafiyar kilomita fiye da dubu domin kawai ya tsaya gaban dutse a ɗauke shi hoto ya aika wa abokai ta waya, gara ya bar kuɗinsa a aljihu.

Mun san abin da ke hana mutane da yawa, ba mu kuwa raina shi ba. Sukan ce gidan gumaka ne, kuma ginin Fir'auna ne, me zai kai mai imani wurin? Waɗansu sukan kawo labarin lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya ratsa kufan Samudawa a kan hanyarsa ta zuwa Tabuka, ya gargaɗi sahabbai a kan shiga gidajen waɗanda aka halaka cikin wasa da annashuwa. Fatawa aikin malamai ne, ba aikin jarida ba, kuma duk wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malaminsa. Abin da za mu iya kawowa shi ne tarihi. Amru ɗan Asi ya ci Masar wajen shekara ta 641, tare da shi akwai sahabbai masu yawa, sun tarar da gine-ginen Fir'aunoni, sun bar su a tsaye. A lokacin ma an daɗe da daina bauta a cikinsu. Rubutu na ƙarshe da aka sassaƙa da tsohon rubutun Masar yana gidan bauta na tsibirin Fila, kusa da Aswan, an yi shi a shekara ta 394, kuma cikin ƙarni na 6 Sarkin Rum Jastiniyan ya sa aka rufe wurin.

Bayan zuwan Musulunci kuwa, manyan masana ba su ƙyamaci dubawa ba. Ibn Jubair, mutumin Andalus, a kan hanyarsa ta aikin hajji a 1183 ya tsaya a garin Ikhmim, ya shiga gidan bautar da ke wurin, ya auna tsawonsa da faɗinsa, ya ƙidaya ginshiƙansa. Daga baya aka rushe wannan gini aka kwashe duwatsun, don haka bayanin wannan alhaji yana cikin ɗan abin da ya rage mana a kansa. Abdullaɗif Bagadadi, likita kuma malami, wanda ya zauna Masar wajen shekara ta 1200, ya yi mamakin gwanintar magina na dā, ya kuma zargi masu farfasa kayansu don neman dukiyar da suke zaton an binne. Ibn Baɗuɗa ya bi ta Luksor a 1326 ya ambaci kabarin Shehu Abul Hajjaj. Masallacin wannan bawan Allah yana nan har yau a cikin harabar gidan bautar Luksor, a kan tsofaffin bangaye, ana kiran salla ana yi. A watan Maris na 2001 ma, lokacin da 'yan Taliban suka yi niyyar rushe manyan mutum-mutumin Bamiyan, Muftin Masar na wancan lokaci, Shehu Nasr Farid Wasil, yana cikin malaman da suka tafi Afganistan domin su ba su baki. Idan akwai abin da labarin kufan Samudawa ya koya mana a wannan batu, to shi ne halin da mutum zai shiga da shi, watau natsuwa da tunani. Wannan kuwa shi ne sharaɗin da muka gindaya tun farko.

To, me mai ziyara zai gani a Abu Simbal? Wanda ya sa aka sassaƙa wurin shi ne Ramsis na Biyu, wanda ya yi sarauta shekara 66, daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ba a ɗora dutse a kan dutse ba, fafe tsaunin aka yi. A bakin ƙofa akwai mutum-mutumi huɗu a zaune, kowanne tsawonsa ya kai mita 20, kuma duka huɗun shi ne. Mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa suna tsaye kusa da ƙafafunsa, ko gwiwarsa ba su kai ba. A zaure na farko akwai ginshiƙai takwas, su ma da siffarsa aka yi su. A ƙuryar ɗaki kuma ya zaunar da kansa a tsakiyar abubuwan bautar mutanensa, kafaɗa da kafaɗa. A gefe akwai ƙaramin gida da ya sa aka yi da sunan matarsa Nafartari.

Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi wa kansa ita ce, don me aka kawo wannan gagarumin aiki nan, nesa da fadar sarki da manyan birane? Amsar tana ƙarƙashin kujerun mutum-mutumin da ke bakin ƙofa, inda aka zana fursunonin yaƙi a durƙushe, an ɗaure su da igiya a wuya, mutanen kudu a gefe ɗaya, mutanen Asiya a ɗaya gefen. Wannan ƙasar Nubawa ce, Masar ta ci ta da yaƙi, kuma daga nan zinariya take fitowa. Duk wanda ya taso daga kudu cikin jirgin ruwa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne fuskar sarki sau huɗu. Gidan bauta ne, amma kuma sanarwar hukuma ce ga talakawan da aka mallaka.

A bangon arewa na babban zauren an zana yaƙin Kadesh, wanda aka gwabza wajen 1274 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) a ƙasar Sham, tsakanin Masar da Hittiyawa. Wanda ya dogara da bangon kaɗai zai ɗauka Ramsis shi ɗaya a kan karusarsa ya tarwatsa rundunar abokan gaba. Abin da masana suka gano kuwa shi ne, kwanton ɓauna aka yi masa, da ƙyar ya sha, bai ci garin Kadesh ba, ya koma gida. Bayan shekara goma sha biyar ko sha shida ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya. An tono kwafin Hittiyawa a ƙasar Turkiyya a 1906, kuma akwai kwaikwayonsa a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok. Jami'an watsa labarai na gwamnati, da mu ma'aikatan jarida, muna da abin lura a wannan bango: rahoton da aka gyara don daɗin ran shugaba ya yi shekara dubu uku yana sheƙe ayarsa, amma da aka tono takardun ɗaya ɓangaren sai asiri ya tonu. Daɗin daɗawa, jikokin mutanen nan da aka zana a ɗaure su ne suka juyo suka mallaki Masar bayan kimanin shekara ɗari biyar. Sarkinsu Taharka, wanda ya yi mulki daga 690 zuwa 664, ya yi gini a Karnak, kuma ginshiƙinsa ɗaya yana nan tsaye a farfajiyar farko. 'Yan jagora da yawa sukan wuce shi da sauri. Ɗan Afirka ya kamata ya ce a tsaya.

Tun da mun ambaci 'yan jagora, sai a yi hattara da abin da baki ya saba faɗa. Za a gaya wa baƙo cewa ranakun nan biyu da rana ke shiga ɗaki su ne ranar haihuwar Ramsis da ranar naɗinsa. Babu rubutun da ya tabbatar da haka. Za a kuma ce masa wannan shi ne Fir'aunan Annabi Musa (A.S.). Alƙur'ani da Attaura ba su faɗi sunan wancan sarki ba, masana kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wanda ya karanta ko da ɗan ƙaramin littafi ne kafin ya tashi, zai iya rarrabe tsaki da tsakuwa.

Sai dai babban dalilin da ya sa muka zaɓi Abu Simbal a kan sauran wurare bai tsaya ga zamanin Ramsis ba. Gidan da baƙo ke shiga yau ba a nan aka sassaƙa shi ba. Rairayi ya binne shi shekaru aru-aru, har wani ɗan ƙasar Suwizalan, Burkhat, ya hango kawunan mutum-mutumin a 1813, wani Ba'italiye mai suna Belzoni kuma ya haƙa ya shiga a 1817. A 1960 gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta fara gina babbar madatsar ruwa ta Aswan da taimakon Tarayyar Sobiyet. Kowa ya san tafkin da za ta haifar, mai tsawon kimanin kilomita 500, zai haɗiye dukan kwarin Nuba da abin da ke cikinsa. Ministan al'adu na Masar, Sarwat Ukasha, bai zauna yana jiran tsammani ba. Ya kai kukansa ga UNESCO, Sudan ma ta bi sahu, kuma ran 8 ga watan Maris 1960 hukumar ta yi kira ga duniya. Ƙasashe wajen hamsin suka ba da gudummawa.

Aikin da aka yi daga 1964 zuwa 1968 ya isa ɗalibin injiniya ya tashi takanas ta Kano ya je ya gani. Ruwa ya riga ya fara hawa, saboda haka aka fara kewaye wurin da shinge na wucin gadi domin a tare shi. Aka lulluɓe fuskokin mutum-mutumin da rairayi don kada duwatsun da ake sarewa daga bisa su faɗo musu. Sa'an nan aka yanka gidajen biyu gunduwa-gunduwa, fiye da guda dubu, waɗansu nauyinsu ya kai tan 30. Wuraren da ke da zane da fuskoki da zarton hannu aka yanka su, don kada tsagar ta yi faɗi. Kowace gunduwa aka ba ta lamba, aka ɗauke ta, aka ajiye, aka sāke haɗawa a wani wuri da ya ɗara na farko tudu da mita 65, ya kuma ja baya daga kogi da kimanin mita 200. Aka gina manyan ƙubbobi na kankare a bayansu, aka tula duwatsu a kai har suka zama kamar tsauni na asali. An lura da fuskantar gabas sosai, shi ya sa rana ke shiga har yanzu. Akwai mutum-mutumi ɗaya da girgizar ƙasa ta karya tun zamanin dā, kansa yana ƙasa. Ma'aikatan ba su ce bari mu gyara wa Fir'auna kayansa ba, sai suka mayar da kan ƙasa yadda suka same shi. An kashe kimanin dala miliyan 40, aka buɗe wurin a watan Satumba na 1968. Ma'aikacin gwamnati da ya san yadda fayil ke ɓata tsakanin ofis da ofis zai gane cewa abin mamaki a nan ya wuce ƙarfin injin ɗaga kaya. Duwatsu fiye da dubu, ma'aikata daga ƙasashe masu harsuna dabam-dabam, ga ruwa yana hawa kullum, amma kowace gunduwa ta koma gurbinta, domin an rubuta, an adana rubutun, an kuma bi shi.

An ci gaba da irin wannan aiki har 1980, lokacin da aka gama mayar da gine-ginen Fila wani tsibiri da ke kusa. Masar ta yi tukuici da ƙananan gidajen bauta huɗu ga Amurka da Sifen da Holan da Italiya, don haka yau akwai ginin Nuba a tsakiyar birnin Madrid. Daga wannan haɗin kai ne aka sami ƙarfin gwiwar ƙulla yarjejeniyar 1972 ta kare kayan gadon duniya, wadda a ƙarƙashinta aka sa Sukur ta Jihar Adamawa a 1999, da kurmin Osun na Oshogbo a 2005, da tsohon birnin Agadas a 2013.

Akwai kuma ɓangaren labarin da ba a cika sa shi cikin takardun talla ba, mu kuwa muna ganin shi ne ya fi shafar masu karatunmu. Kwarin da ruwa ya ci ba kango ba ne, akwai mutane a ciki. Nubawa kimanin dubu ɗari, kusan rabi a Masar rabi a Sudan, aka tashe su. Waɗansu ma wannan ba shi ne karo na farko ba, domin tsohuwar madatsar Aswan ta 1902, da ƙarin tsawon da aka yi mata a 1912 da 1933, duk sun ci musu gonaki. Na ɓangaren Masar an kwashe su tsakanin 1963 da 1964 zuwa yankin Kom Ombo, aka zuba su cikin jerin gidaje iri ɗaya, nesa da kogi, waɗansu gidajen ma ba a gama su ba. Mutanen da suka tashi suka ga ƙofar gidansu tana kallon Nilu, dabinonsu yana bakin ruwa, kaburburan iyayensu suna bayan gari, sai ga su a fili fetal. Na ɓangaren Sudan kuwa, Janar Ibrahim Abbud ya yi wa mutanen Wadi Halfa alkawarin za su zaɓi inda suke so. Suka zaɓi kusa da Hartum, gwamnati ta ce sai Kashmul Girba, can gabas a bakin kogin Atbara, tafiyar ɗaruruwan kilomita, ƙasar da ake ruwan sama da tsawa, abin da mutanen Halfa ba su saba da shi ba. An yi zanga-zanga a 1960, amma a watan Janairu na 1964 jirgin ƙasa ya fara kwasarsu. Jami'in da aka ɗora wa wannan aiki, Hasan Dafalla, ya rubuta littafi a kan abin da ya gani, aka buga shi a 1975, kuma muna ganin ya cancanci a sa shi cikin littattafan da ake karantar da jami'an mulki a ƙasar nan.

Ba muna cewa bai kamata a gina madatsar ba ne. Ta ba Masar wutar lantarki, ta tsare ambaliya, kuma ruwan da ta tara ya rufa wa ƙasar asiri lokacin farin da ya addabi Habasha da Sudan da mu kanmu cikin shekarun 1980. Abin da muke cewa shi ne, duniya ta taru ta auna kowane dutse, ta ba shi lamba, ta lallaɓa shi zuwa sabon mazauninsa, amma ba a ga irin wannan taro ba a kan masu rai. Tsarin mulkin Masar na 2014, a sashe na 236, ya yi alkawarin ayyukan da za su mayar da Nubawa yankunansu na asali cikin shekara goma. Wa'adin ya cika a 2024 ba tare da wata komawa ta a zo a gani ba.

Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. A shekarar da aka buɗe sabon Abu Simbal, watau 1968, a ita ce aka gama madatsar Kainji, ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in. A watan Afrilu na 1980 kuma rigimar diyyar gonaki a Bakolori ta kai ga zubar da jini. Ɗalibin da ke karatu yau shi ne gobe zai zama sakatare ko injiniya ko jami'in ƙasa da safiyo, takardar tashin wani ƙauye za ta zo teburinsa. Muna so kafin ranar ya taɓa tsayawa a bakin tafkin Nasir, ya dubi ruwan da ya shimfiɗu har iyakar ganinsa, ya tuna akwai garuruwa a ƙarƙashi.

Game da ladabin ziyara, maganar gajeriya ce. Dutsen da aka yi yawancin gine-ginen nan da shi mai yashi-yashi ne, ba shi da tauri, kuma launin da ke jikinsa ya haura shekara dubu uku. Gumin tafin hannu da jingina da goga jaka duk suna cinye shi sannu a hankali. A Karnak, inda zaure ɗaya ke da ginshiƙai 134, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya cinye gindin waɗansu har goma sha ɗaya suka zube rana ɗaya a 1899, aka yi shekaru ana tayar da su. Abin da ke tsaye yau da wahala ake riƙe da shi. Rubuta suna a bango kuwa tsohuwar cuta ce. Sojojin haya na Girka sun karce sunayensu a ƙafar Ramsis wajen 593 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Turawan ƙarni na 19 suka bi sahunsu. A 2013 wani yaro ɗan ƙasar Sin ya karce sunansa a gidan bautar Luksor, hoton ya bazu a duniya, iyayensa suka fito suka nemi gafara, ƙasarsu duka ta sha kunya. Wanda ya fita waje da fasfo ɗin ƙasarsa, sunan ƙasar yake ɗauke da shi. Dokar kayan tarihi ta Masar mai lamba 117 ta 1983 ta haramta cinikin kayan dā, ta kuma tanadi ɗauri da tara ga mai ɓata su, a 2020 aka ƙara da hukunci a kan hawa bisansu. Saboda haka duk wanda ya ja baƙo gefe ya buɗe masa ƙyalle ya ce ga kayan kabarin Fir'auna, ko dai jabu ne a yi asarar kuɗi, ko kuwa na gaske ne a kwana a hannun 'yan sanda.

Za a kuma tarar da naci daga masu sayar da tsaraba da masu keken doki da masu kwale-kwale, har ran mutum ya ɓaci. A yi ciniki, a ƙi abin da ba a so, amma a yi shi da mutunci, domin abincin mutanen Luksor da Aswan yana rataye ne da ƙafar baƙo. Ran 17 ga watan Nuwamba 1997 'yan bindiga suka kashe mutum 62 a gidan bautar Sarauniya Hatshepsut, 58 daga cikinsu baƙi ne, kasuwar garin ta mutu murus na wani lokaci. Masu ziyarar Masar sun kai miliyan 14.7 a 2010, juyin 2011 da abin da ya biyo baya suka sa adadin ya faɗi zuwa wajen miliyan 5 a 2016, sai a 2023 ya koma miliyan 14.9. Duk lokacin da ya faɗi, mai keken dokin nan ne ke fara rasa abin ciyar da dokinsa.

Muna kira ga hukumomin ba da sukolashif na jihohi da ke da ɗalibai a Masar, da ofishin jakadancinmu a Alƙahira, da ƙungiyoyin ɗaliban kansu, su haɗa kai su shirya irin wannan tafiya ko da sau ɗaya ne a shekara, tare da malamin tarihi wanda zai yi bayani. Kuɗin ba zai taka kara ya karya ba idan an tafi a ƙungiya. Akwai jirgin ƙasa na dare daga Alƙahira da ke tsayawa Luksor ya wuce Aswan, kuma mai katin shaidar ɗalibi rabin kuɗin shiga yake biya. Ma'aikatun da ke tura jami'ai kwas, musamman na ayyuka da na albarkatun ruwa da na al'adu, su ƙara musu kwana biyu a kan sharaɗin kowa ya kawo rahoto a rubuce idan ya dawo, a kuma karanta rahoton.

A zaɓi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin zafin Aswan na bazara yakan wuce awo 40. Motoci sukan tashi daga Aswan wajen ƙarfe huɗu na asuba, tafiyar kimanin kilomita 280 ce cikin hamada, kuma masu shirya tafiya sa'a biyu kawai sukan ba mutum a wurin kafin su juyo. Sa'a biyu ba ta isa ba, wanda ya iya ya kwana a garin. Kafin a kama hanya kuma, a fara shiga Gidan Tarihin Nuba da ke cikin Aswan, wanda aka buɗe a 1997, inda aka ajiye hotunan aikin ceton duwatsun da kwaikwayon gidajen mutanen da aka tasa.